Tekun Barira

Na yi mata alkawarin teku
tun ranar da ta gan shi a kalandar shagon Ilu mai faci,
ta ɗora yatsa a kan shuɗin, ta ce, "Baba, wa ya zubar?"
Albashin malamin firamare ba ya kai mutum Ikko,
iyakarsa litar mai biyu da canjin ƙosai.
Sai na ce, bari a ba mu hutu.

Hutu ya zo bayan gero ya shiga rumbu.
Mu uku a kan babur, ni da Hansatu,
ita a tsakiya, a matse kamar goro a huhu.
Kular dambu a ɗaure a baya, tabarma a naɗe.
Daga Kibiya muka ratsa Rano, muka miƙi hanyar Rurum,
tana ƙirga jakuna,
in ta kai huɗu sai ta koma ɗaya.

Da muka hau tudun ƙarshe sai ta yi tsit,
Barirar da ko a barci bakinta ba ya hutawa.
Ga ruwan Tiga a shimfiɗe, ido ya gaji bai kai gaɓa ba,
duwatsu sun durƙusa a ciki kamar shanun da suka ƙoshi.
"Shi ne?"
Na buɗe baki, Hansatu ta mintsine ni a kwiɓi.
Na ce, "Shi ne."

Da farko ta ƙi taɓa shi.
Ta tsaya daga nesa ta yi masa sallama har sau uku,
yadda kakarta ta koya mata a ƙofar gidan mutane.
Da ruwan ya matso ya lashi yatsun ƙafarta
ta ruga ta cusa kai a zanen uwarta:
"Ya amsa!"

Kafin azahar sun saba.
Ta gina masa gidan yashi, ya rushe,
ta yi masa faɗa, ta sake ginawa.
Sannan ya ɗauke mata silifa ɗaya, ja, na ƙafar hagu,
ya yi gaba da shi yana rausaya.
Kukan da ta tsala ya tashi balbelu daga kan dutse.

Wani tsoho a kwalekwale ya taro shi da filafili,
ya kawo har gabanta yana ɗiga.
Ta share majina, ta ce, "Kai ne mai tekun?"
Ya dube ni, na sunkuyar da kai.
Ya ce, "A'a, 'yata, ni maƙwabcinsa ne.
Gonar babana tana can ƙasansa,
da tsamiyar da aka yi mini askin suna a gindinta."
Ta daɗe tana leƙen ruwan.
Sai ta damƙo dambu cike da hannu ta watsa:
"Na mutanen ƙasa ne."
Tsohon ya yi dariya har ya goge ido da hularsa.

Da la'asar ta cika robar lemo da teku,
wai tsarabar Iya.
Murfin bai rufu ba.
Duk hanya yana tsiyaya a gadon bayana,
ita kuwa ta yi barci, kumatunta a jikin rigata,
hannun Hansatu ya zagayo mu duka biyu.

Abin da ya rage yana nan a kan taga,
laka ta kwanta a ƙasa, sama ya yi garau.
Ba mai taɓawa.

Jiya a aji huɗu na zana taswira a allo,
na ce wa yara jiharmu ba ta da teku, su rubuta.
Suka rubuta.
Saura shekara biyar ta zauna a bencin nan na gaba.
Na juya na goge allon
tun ba a kaɗa ƙararrawa ba.